Filin Baba Akawu: La'adar Gidan Poka da Kyaututtukan da Yake Rabawa

Wasiƙu uku na wannan fitowar duk daga nan Ankara suka zo, kuma a kan abu ɗaya suka faɗo, wato poka, cacar da ake yi da kati, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum, na cire sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni mai gyaran waya ne a Circle, a Nima nake zaune. Wani abokina da muke shan ataya tare ya fara zuwa ɗakin poka a wani otal. Ya ce wannan ba irin cacar inji ko ta ƙwallo ba ce, domin gidan ba ya wasa da kai, 'yan wasa ne ke cin junansu, wanda ya fi iyawa shi ke tashi da kuɗi. Har kati suka ba shi, yana cin abinci kyauta. Baba, in gidan ba ya wasa, a ina yake samun nasa? Kuma in mutum ya ƙware, ba za ta zama sana'a ba?
*Wani matashi, Nima*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Abokinka bai yi maka ƙarya ba da ya ce gidan ba ya wasa. Mai rabon kati ma'aikaci ne kawai, ba ya zuba ko sisi, babu ruwansa da wanda ya ci ko wanda ya faɗi. Abin da abokin naka bai gaya maka ba, wataƙila don shi ma bai taɓa zama ya lissafa ba, shi ne gidan yana da kasonsa a kowane zagaye, ko wa ya ci.

Kafin in yi ritaya na yi aikin akanta a wani otal mai gidan caca a garin nan. Ina ofis ne, amma lissafin teburan ta hannuna yake bi, don haka bari in gaya maka yadda abin yake. Teburin dogo ne, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, mutum tara ko goma a kewaye. Ba a wasa da takardar kuɗi. Sai ka je wurin kashiya ka canza sidinka zuwa wasu 'yan faya-fayan roba, kowane launi da darajarsa. A raba kati, kowa ya riƙa tura nasa tsakiya, tulin yana girma. Kai idonka na kan katinka da fuskar wanda ke gabanka. A daidai nan hannun mai rabo zai miƙa cikin tulin, ya zare faifai ɗaya ko biyu ya ajiye a gefensa. Da ya tura wa wanda ya ci sauran, sai ya zura abin da ya ware ta wata 'yar kafa a jikin teburin, ya faɗa cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ke rataye a ƙasa. Ba a ɓoye ake yi ba, yana rubuce cikin dokar ɗakin, sai dai hannun na da sauri kuma hankalin kowa na wani wurin. Bayan an tashi masu gadi su ciro akwatunan su kai ɗakin ƙirga. A takardun da ke zuwa gabana, teburin rulet, cacar faifai mai juyawa da ake yi da gidan kansa, kan yi asara wani daren idan wani ya taki sa'a. Akwatin poka kuwa bai taɓa zuwa da asara ba, kuma ba zai yiwu ya zo da ita ba, tunda shiga kawai ake yi cikinsa.

Yawan yankan ya danganta da gida. Galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na tulin ne, da wata iyaka da ba a wucewa a zagaye ɗaya. A Las Vegas ta Amurka, inda harkar ta yi ƙarfi, ƙananan tebura sukan yanki kashi 10 har zuwa wajen dala 5 ko 6, sannan a ƙara zare dala 1 ko 2 da sunan asusun kyaututtuka. Gidaje da yawa ba sa yanka idan zagayen ya mutu tun kafin mai rabo ya buɗe katuna ukun farko da ake shimfiɗa wa kowa a tsakiyar tebur. A teburan manya sau da yawa ba a taɓa tulin, kuɗin kujera ake karɓa duk rabin awa. Ga kuma ɗan ihsanin da al'ada ta ɗora wa wanda ya ci ya miƙa wa mai rabo.

To, ɗauko biro. Lambobin nan misali ne na kafa don lissafi ya yi sauƙi, kai ka tambayi abokinka na gidan da yake zuwa ka sauya. Mutum tara sun zauna, kowa da sidi 2,000, jimla 18,000 ke nan a kan tebur. Mai rabo yakan yi zagaye 25 zuwa 30 a awa, mu ɗauki 25. A ce abin da ke faɗawa akwati a kowane zagaye, in an haɗa manya da ƙanana, sidi 30 ne. A awa ɗaya sidi 750 sun bar teburin. Suka zauna daga ƙarfe tara na dare zuwa biyar na asuba, awa takwas, 6,000 ke nan. Sulusin duk abin da suka zo da shi ya tafi, sauran 12,000 ne suke ta kokawa a kai. Idan su taran nan iyawarsu ɗaya, sa'arsu ɗaya, kowa zai koma gida da wajen sidi 1,330, alhali babu wanda ya fi shi wasa a wurin. Kujera ɗaya tana biyan sama da sidi 80 a kowace awa.

Na san abin da ke ruɗar mutane: kashi 5 cikin 100 ai ba wani abu ba ne. Kana tunanin mai susu, wanda kake ba kuɗi kullum har wata ya cika, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa, ya maido maka sauran. Shi sau ɗaya yake yanka a wata. A teburin poka kuɗin nan ɗaya ne ke shiga tsakiya, ya koma gaban wani, ya sake shiga tsakiya, sau ɗari biyu a dare guda, kuma duk shigar da ya yi sai an yanke shi. Sannan daga tulin wanda ya ci ake zarewa, a lokacin da yake murna yana jera faya-fayai. Wanda ya janyo sidi 570 ba ya tsayawa tunanin cewa 600 ne a wurin.

Akwai wani abu game da iyakar nan da ke ci mini rai tun ina aiki. A ce gida na yankan kashi 10, iyaka sidi 50. Tulin sidi 400 zai biya 40, kashi 10 cif. Tulin sidi 5,000 zai biya 50, kashi 1 kacal. Ma'ana, teburin masu ƙaramin ƙarfi, inda irinka da irin abokinka za su zauna da kuɗin gyaran waya, shi ne ya fi kowane tebur shan yanka. Attajirin da ke can ciki da manyan kuɗi ya fi ku samun rangwame nesa ba kusa ba.

Batun ƙwarewa, ba zan ɓoye maka ba, akwai ta. Poka ba rulet ba ce, kuma a duniya akwai 'yan tsirarun da da ita suke ci suke sha. Amma bai isa mutum ya fi abokan zamansa iyawa ba, sai fifikon nasa ya haura sidi 80 ɗin nan na kowace awa kafin ya ga ribar kobo. Kuma abin da gwani ke ci ba daga akwatin gida yake fitowa ba, daga aljihun sabon shiga yake fitowa. Idan ka bi abokinka gobe, kai ne sabon shigan.

Abincin kyauta kuma, a Las Vegas ɗin da na ambata, abin da aka saba rubuta wa ɗan poka a katinsa dala 1 ne ko 2 a kowace awar zama. Zagaye 30 a awa, a ce dala 4 kowanne, dala 120 ke nan, ka raba wa mutum tara, kujera ɗaya ta zuba sama da dala 13. Daga ciki ne ake maido masa ɗaya ko biyu a faranti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka ce ko za ta zama sana'a. Ɗana, kai Musulmi ne, kuma malamanmu tun daga zaure har mumbari sun gama magana a kan wasan da kowa ke zuba kuɗi wani ya kwashe. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai ɗan amfani ga mutane a giya da caca ba, ta ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Ayoyi na 90 da 91 na Ma'ida suka zo da umarnin a nisance su, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Ka duba lokacin da teburin misalinmu ya tashi. Sana'arka ta hannu, in ka gyara waya kai ka samu mai wayar ya samu. Ka riƙe ta.

Tambaya: Baba, ina yi maka sallama. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa, mijina yana harkar motoci. Na tsinci wani kati mai ruwan zinariya na gidan caca a aljihun rigarsa. Na kuma ga saƙo a wayarsa cewa an ɗaga shi zuwa babban mataki, yana da abincin dare na mutum biyu kyauta, kuma in ya cika awa 40 a watan nan zai shiga wata gasa ba tare da ya biya ba. Da na tambaye shi ya ce abokan ciniki yake rakawa, shi ba ya asarar komai, gidan ma ke ba shi. Amma kuɗin makarantar yara ya makara zango biyu a jere. Me katin nan yake nufi?
*Wata uwa, Mamobi*

Amsa: 'Yata, Allah ya ba ki haƙuri, ya kuma saka miki da kika nemi fahimta kafin ki ɗaga murya. Zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi. Katin nan na ƙirga ne. Idan mutum ya zauna a tebur sai a shigar da shi a kwamfuta, idan ya tashi a fitar da shi, awanninsa ko yawan abin da ya zuba su ne ke zama maki. Makin ne ke ɗaga mutum daga mataki zuwa mataki. Wanda ke rakiya yana tsaye a bayan kujera ba ya tara maki. In har an kai maigidanki babban mataki, to ya zauna, kuma ya daɗe yana zama.

Ki duba lissafin da na yi wa yaron Nima a sama. In kujera na biyan sidi 80 a awa, awa 40 ta kama 3,200, tun kafin a zo maganar abin da wasu 'yan wasa suka cinye masa. Nawa ne abincin dare na mutum biyu, a kicin ɗin da yake na otal ɗin ne? Ita kuma gasar da ake cewa kyauta, a gidaje da yawa kuɗinta daga asusun kyaututtukan nan yake fitowa, wato faifan da ake ƙara zarewa daga tulin 'yan wasa. Nasu ne ake tarawa a maido musu da wani ɓangare, da sharaɗin sai sun cika awanni.

Sharaɗin awannin shi ne abin da nake so ki fahimta, domin a nan ƙugiyar take. Mutum ya yi niyyar hutawa, sai saƙo ya shigo ranar 25 ga wata cewa saura awa shida ya cika. Zai ga kamar asara ce ya bar awa 34 su tafi a banza, sai ya koma. Maki kan mutu in ba a yi amfani da su ba, mataki kan sauka in an daina zuwa, kuma namiji ba ya son ranar da mai tsaron ƙofar da ya saba gaishe shi da suna zai dube shi kamar kowa. Abincin ma har gaban tebur ake kawowa, don kada yunwa ta tashe shi. Akwai kuma babbar kyautar da ake rubuta adadinta a allo tana ta hauhawa, wadda ba ta faɗuwa sai an yi wata haɗuwar kati da kan ɗauki dubban zagaye ba a gan ta ba. Na ga mutanen da ita kaɗai ke riƙe su a kujera har gari ya waye. Waɗanda suka tsara wannan duka sun san halin ɗan Adam sarai, kuma a littafin gida kuɗin talla ake rubuta shi.

Mai yiwuwa maigidanki ya yarda da abin da ya gaya miki. Ɗan caca yakan tuna daren da ya ci dalla-dalla, dararen da aka cinye shi kuwa su haɗe su zama hazo. Don haka gardamar baki ba za ta kai ku ko'ina ba, takarda ce za ta raba. Ki zaɓi lokacin da yara ba sa nan, ki roƙe shi ku zauna tare ku duba bayanan MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da na banki na wata uku, ku ware duk abin da aka cira da dare ko a kusa da otal ɗin, ku tara. Sau da yawa mutum da kansa yake yin shiru idan ya ga jimlar.

Kafin nan, ki killace jarinki. Kada kuɗin atamfa ya haɗu da na gida, lambar sirrin MoMo ɗinki ta zama taki ke kaɗai, kuma kada ki karɓo masa bashi da sunanki ko a wurin 'yan adashinku, ko da ya rantse wannan ne na ƙarshe. Kuɗin makaranta, in ya samu, a kai makaranta a ranar. Wannan ba rashin biyayya ba ne, haƙƙin yaran kike tsarewa.

In ya ƙi zama, ko ya zauna amma ya ci gaba, ki sa babba a ciki: yayansa, ko waliyyinki, ko limamin unguwarku, wanda yake jin nauyinsa kuma ba zai kai maganar bakin titi ba. Gidajen caca da yawa suna da tsarin da mutum zai rubuta da hannunsa cewa a hana shi shiga, kuma in ya amince, a raka shi ya yi, ya ce a daina turo masa saƙo. Hukumar da ke ba su lasisi a ƙasar nan ita ce Hukumar Kula da Caca ta Gana, wadda dokar 2006 mai lamba 721 ta kafa, can ake kai ƙorafi. Idan kuma kin ga yana komawa don ya fanshe abin da ya rasa, yana cin bashi, yana ɓoye-ɓoye, to abin ya wuce son zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan cikin jerin cututtuka, kuma likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Pantang, suna duba masu fama da jarabar da ta fi ƙarfinsu. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Ki ci gaba da yi masa addu'a, ki sake rubuto mini yadda aka yi.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a jami'ar Legon. Wani ya turo mini hanyar shiga poka ta intanet, ya ce za a riƙa maido mini kashi 30 cikin 100 na la'adar da na biya, kuma duk abokin da na kawo ina da kamisho a kansa. Ya ce gwamnati ma ta cire haraji, ya ba ni labarin wani akanta a Amurka da ya zama miloniya. Ni ba zan yi wasa sosai ba, kamishon nake so.
*Wani ɗalibi, Zangon Madina*

Amsa: Ɗana, kafin a maido maka sidi 300 sai ka biya 1,000, su riƙe 700. A intanet kuma rabon ya ninka na tebur sauri sau biyu ko fiye, mutum yana iya buɗe tebura da yawa a lokaci guda, don haka la'adar ta fi saurin taruwa. Maganar haraji gaskiya ce: an fara cire kashi 10 daga abin da ɗan caca ya ci a watan Agustan 2023, Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke shi a Afrilun 2025. Wancan kason gwamnati ne, sokewar ba ta taɓa kason gida ba.

Akantan da aka ba ka labari Chris Moneymaker ne, kuma ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas a 2003, cikin mutum 839. Ga labarin da ba a haɗa maka da shi ba. A 2023 mutum 10,043 suka shiga gasar nan, kowa ya biya dala 10,000. Abin da aka raba wa waɗanda suka ci dala miliyan 93.4 ne, an riƙe sama da miliyan 7 na gida da ma'aikata tun kafin a raba katin farko, kuma wajen kashi 85 cikin 100 na mahalarta sun koma hannu rabbana.

Kamishon shi ya fi damuna a wasiƙarka. Daga la'adar da abokanka za su biya ake yanko maka shi, kamar yadda wanda ya turo maka hanyar zai riƙa ci daga taka. Samunka zai ƙaru ne gwargwadon daɗewarsu a zaune, su kuwa da kuɗin hostel da na abinci za su zauna. Yaran nan kun taso tare a Madina, iyayenku mata suna haɗuwa a suna da biki. Ranar da ɗayansu ya kasa biyan kuɗin zango, za a tambaya wa ya kai shi, kuma sunanka za a kira. Ka gaya wa mutumin ba ka yi, ka goge hanyar daga wayarka, kada ka tura wa kowa.

Hajiyar da ta rubuto daga Aboabo a Kumasi kan rabon ribar shago tsakanin magada, taki amsar sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.